Harafin da Na Latsa Ranar Arba'in ɗin Kawu

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a Filinge ba, na yi wata ɓarna da har yau ba ta fita daga raina ba. Waɗanda muke aiki tare sun san labarin, amma rabinsa suka sani. Yau dai bari in faɗe shi duka.

A gidan rediyon nan Injiniya ake ce mini. Kada sunan ya ruɗe ku. Iyakar karatuna a wannan fanni horon mako biyu ne a Yamai, a hannun wata mata da duk muke kira Madam. Ita ce daga baya ta zo har Filinge ta saka mana Linux a kwamfutarmu guda ɗaya tilo, wadda a cikinta muke gyara shirye-shirye, muke ajiye kiɗa, muke sakin duk abin da aka naɗa. Na dawo daga horon da takardar shaida mai hatimi, da wani ɗan littafi da na rubuta umarni kamar ashirin a ciki. In na buɗe baƙin allon nan na fara rubutu, abokan aiki sai su ja baya su yi tsit. Ni kuwa in ƙara gyara zama. Gaskiya daɗin abin nake ji.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mahaƙin rijiya ne a Tabla. Tun yana saurayi yake shiga ƙasa. Babu wata tsohuwar rijiya daga Tabla zuwa Bonkuku da bai san zurfinta gaba nawa ne ba, da wanda ya haƙa ta, da shekarar da ta taɓa ƙafewa. Da na ga jikinsa ya fara rauni, sai na ɗauki rakoda na tafi na zauna da shi a rumfarsa, ya yi ta ba ni labari sama da awa ɗaya. Na dawo na juye hirar a kwamfuta, na goge katin rakodar domin washegari za a je ɗauko hirar kasuwa da ita. Na ce sai na samu sarari in gyara. Ban samu sararin ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Ranar sadakar uku, a gaban mutane, sai na ji bakina yana cewa ai ina da muryar Kawu, kuma ranar arba'in za mu saka ta a rediyo bayan la'asar. Mahaifiyata tana wurin, ta ji ni. Kafin mako ya zagayo, babu gidan danginmu daga Damana har cikin Imanan da saƙonta bai kai ba. Mai iya zuwa Tabla ya zo, wanda ba ya iyawa ya nemi batir ya sa a rediyonsa.

Kwana uku na yi ina gyaran hirar. Na yanke tari, na yanke kukan awaki, na yanke inda ya maimaita magana. Akwai wani wuri a tsakiya, kamar minti shida, da na tashi na fita amsa waya na bar rakoda a kunne. A allo wurin ya fito siriri kamar zare, alamar babu wata magana mai ƙarfi, sai na zaɓe shi gaba ɗaya na jefar, ban ko saurara ba. Aiki ya yi kyau, ni kaina na yaba wa kaina. Safiyar ranar arba'in, wajen ƙarfe goma, saura kawai in fitar da shirin ya zama fayil guda. Na latsa. Kwamfuta ta ce babu wuri, cikinta ya cika.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya kwashe waƙoƙin biki da abokan aiki suka jibge a ciki. Amma kowace waƙa da mai ita, kuma ba na son rigima da matar da ke gabatar da shirin gaishe-gaishe, don bakinta ba ya da daɗi in an taɓa mata kiɗa. Sai na ce bari in rage daga kayan kwamfutar kanta, ai waɗannan ba mai tambayarsu.

A Linux kowace manhaja fakiti ce, akwai kuma mai kula da fakitocin, sunansa apt. Kai dai ka rubuta masa saka kaza ko cire kaza, shi ya san sauran. Na fara da share tsofaffin fakitocin da yakan adana a rumbunsa bayan ya gama saka su, wannan umarnin yana cikin ɗan littafina. Wuri ya ɗan samu, amma bai isa ba. Sai na jawo jerin duk abin da ke cikin kwamfutar ina bi, na ga wani suna yana ta dawowa: python3, python3 kaza, python3 kaza, layi bayan layi. Na san kalmar da Faransanci mesa take nufi, na kuma tuna Madam ta ce yare ne da masu ƙirƙirar manhaja suke rubutu da shi. To mu a nan wa ke ƙirƙirar manhaja? Sanarwar ɓatan akuya muke karantawa. Har na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe macijin nan ya daɗe yana cin wuri a banza.

Na rubuta a cire python3.

Allo ya cika da rubutu. Sunaye ne jere, sun yi yawa har na sama sun shige sun ɓace. A can ƙasa ga tambaya da Faransanci: kana so a ci gaba? O ko n, wato eh ko a'a. Na ga jerin, ba zan yi muku ƙarya ba. Karantawa ce ban yi ba. Na ɗauka duk 'ya'yan macijin ne. Abin da idona ya kama kawai shi ne layin da ya faɗi yawan wurin da zan samu, kuma yawan ya burge ni ƙwarai. Na latsa O.

Minti na farko murna nake yi, rubutu yana ta gudu, ina jin kaina babban ma'aikaci. Sai na ga alamar intanet da ke kusurwar sama ta ɓace. Na ce rezo ne, wato sabis, ya saba ɗaukewa. Sai hotunan manhajojin da ke gefen allo suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza na tsince su. A nan ne na matso na fara karanta abin da ke wucewa. Ana cire kaza, ana cire kaza. Wasu sunayen na san su. Ga abin da ke haɗa mu da intanet. Ga manhajar da ke sakin shirye-shiryenmu. Ga wani mai sunan teburin allon gaba ɗaya. Babu ko ɗaya da ya yi kama da maciji.

Na miƙe tsaye. Hannuna yana kan madannai amma ban san me zan latsa ba, kuma na tuna Madam ta taɓa gargaɗinmu kada mu kuskura mu katse apt yana tsakiyar aiki. Haka na tsaya, baki buɗe, ina kallon ana kwashe gidan rediyo a gabana, kuma ni na ba da izini.

Da ya gama, na yi abin da duk wanda bai san komai ba yake yi, na kashe na sake kunnawa. Kwamfuta ta tashi. Babu hoto, babu linzami, babu komai. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin rubutu a kusurwa da ɗigo yana ƙyaftawa. Na sake kashewa na kunna. Haka. Na sake. Haka.

Ina cikin na huɗu daraktanmu ya shigo. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Injiniya, mi ya samu telen taka? Ina hotunan?"

"Ɗan gyara nike yi, Mushe."

Ya dube ni, ya dubi allo, ya sake dubana. Mutumin da ya shekara talatin yana kama 'yan makaranta da ƙarya ba ni zan ruɗe shi ba. Na faɗa masa abin da na yi. Bai gane rabi ba, amma ya gane fuskata.

"Muryar tsohon hwa?"

"Tana ciki."

"Cikin mi? Ni ban ga ciki ba."

"Mushe, ni ma ban gani ba."

"To katin rakoda?"

Na ce na goge shi tun tuni. Sai ya jawo kujera ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A lokacin, ni a sanina, duk abin da ba ka gani a allo ya tafi ke nan. Mutum ya rasu, muryarsa ɗaya ce ta rage a duniya, a hannuna, na kuma shafe ta da yatsa ɗaya don ina tsoron bakin mai shirin gaishe-gaishe. Na kira Madam, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Na aika saƙo uku, na ƙarshe ko gaisuwa babu.

Wajen sha biyu wayata ta yi ƙara, na zabura. Mahaifiyata ce daga Tabla. Ina jin hayaniyar mata da ƙarar daka a bayanta.

"An taru," in ji ta. "Mutanen Damana sun iso, motar Bonkuku ma tana hanya. Ƙarhe nawa ka ce?"

"Huɗu da rabi, Inna."

"To, kar a makara. Wasu nesa za su koma."

Na ce to. Wallahi na buɗe baki in faɗa mata, kalmar ta ƙi fita. Na yi sallar azahar ran nan, amma in kun tambaye ni raka'a nawa na yi, ban sani ba.

Biyu ta wuce Madam ta kira, ashe aji take da shi tun safe. A cikin situdiyo rezo yankewa yake yi, sai na ruga bakin ƙofar gida inda waya ke kamawa. Na fara zuba bayani, ta katse ni.

"Tsaya. Faɗa mini abin da ka rubuta, harafi-harafi."

Na faɗa.

"Python wane?"

"Na uku."

Ta faɗi wata kalma da Zabarmanci da ba zan fassara muku ba. Sannan ta ce, "Bai nuna maka jerin abin da zai tafi ba?"

"Ya nuna."

"Ka karanta?"

Na ce a'a. Ta ce, "To. Daga yanzu kada ka taɓa komai sai abin da na ce. Ka saurara da kyau: apt kayan aiki yake kwashewa, ba ya taɓa ajiyarka. In ba wata ɓarnar ka ƙara ba, hirar tana nan."

Sai ga wata matsala. Kwamfuta tana ciki, rezo yana waje. Na fara da gudu, in ji umarni a bakin ƙofa in rubuta a tafin hannu, in ruga ciki, kafin in isa gumi ya cinye rabi. Mushe ya ga abin ba zai yi ba, ya karɓe wayar ya tsaya a bakin ƙofa, na buɗe taga. Madam ta faɗa masa, shi kuma ya ɗaga murya irin ta malamin da ke ba da shifta: "Rubuta! El! Es! Bar fili!" Masu wucewa da amalanke har suna tsayawa su ga wane aji aka buɗe.

Na saka sunana da kalmar sirri a baƙin allon, ya karɓa. Na rubuta abin da aka ce. Sunayen fayiloli suka fito fari a kan baƙi, kuma a tsakiyarsu na ga wanda na rubuta da hannuna watanni baya: hirar Kawu, Tabla. Na ruga bakin taga. Na yi ihu ta taga, "Tana nan! Mushe, tana nan!" Na ji shi yana maimaita wa Madam.

Murnar ba ta daɗe ba. Aikina na kwana uku yana nan shi ma, amma guntu-guntu ne ɗaruruwa, ba mai iya haɗa su sai manhajar gyaran sauti, ita kuma ba ta buɗuwa a baƙin allo. A maido da abin da aka cire kuwa sai da intanet, ga shi na kori abin da ke haɗa mu da intanet ɗin. Mushe ya sake ɗaga murya:

"Ta ce akwai dabara! Wai tsohin fakitoci suna cikin rumbu, in dai ba ka share shi ba!"

Na ce, "Mushe, gaya mata da shi na fara."

Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga Mushe ya janye wayar daga kunnensa.

Abin da ya rage shi ne ɗanyar hirar, yadda aka naɗo ta, da tarinta da awakinta. Madam ta ce a juye ta a kile, ɗan abin ajiyar nan na USB da ake cusa wa kwamfuta, a saka a 'yar rediyon nan mai cin kile da muke da ita, a jona da na'urar haɗa sauti. Ko sa kwamfutar ta ga kilen sai da muka yi ta fama, harafi ɗaya in ya kuskure a sake daga farko. Uku da rabi ta gota kafin juyewa ta fara, kuma kilen tsoho ne, tafiyar hawainiya yake yi.

Muna cikin jira Madam ta ce a ba ni wayar.

"Kafin ya gama, akwai abin da nake so ka gani da idonka," in ji ta. "Na koya muku cewa in ka saka fakiti yakan jawo waɗanda yake buƙata. Wannan tambaya ɗaya ce: shi, wa yake dogara da shi? Akwai ta biyu, kuma ita ake yi kafin a cire abu: su wa suke dogara da shi? Laifina ne da ban tsaya a kanta ba. Je ka buɗe wani allon, ka rubuta apt-cache rdepends python3. Ba ya cire komai, tambaya ce kawai."

Na koma na rubuta. Jama'a, sunaye suka fara zubowa. Na sa ran goma ko ashirin. Allo ya cika, ya wuce, ya sake cika, ya wuce, yana ta gudu har idona ya kasa bi. Na tsaya riƙe da bakin tebur. Abin da na ɗauka wani ɗan kayan wasa ne na masu ƙirƙirar manhaja, ashe rabin abin da ke motsi a kwamfutar a kansa yake tsaye. Na fita na ce mata, "Madam, ba ya ƙarewa."

Ta ce, "Waɗannan duk fakitocin da apt ya sani ne, har da waɗanda ba ka taɓa sakawa ba. In ka ƙara kalma ɗaya, sai ya nuna maka na cikin kwamfutarka kaɗai. Amma yau ba za ka ga da yawa ba, ka riga ka kore su. Kuma ka sani, kowane ɗaya a jerin nan shi ma akwai masu dogara da shi. In ya tafi, su ma sai su bi. Haka allonka ya tafi. Shi apt bai yaudare ka ba, ya faɗa maka komai, ya kuma tambaye ka."

Ya tambaye ni kuwa. Wannan ita ta fi yi mini ciwo.

Juyewa ta ƙare saura 'yan mintuna, ko sallar la'asar a gurguje muka yi ta. Babu lokacin saurare. Mushe ya zauna gaban makirfo ya yi ta'aziyya, ya roƙi afuwar masu saurare cewa hirar za ta zo musu yadda aka ɗauko ta, ba gyara. Na latsa.

Muryar Kawu ta cika ɗakin. Ya yi tari, ya yi bismilla, ya fara da rijiyar farko da ya shiga. Akuya ta yi kuka, ya tsawata mata. Ya faɗi sunayen rijiyoyi, ya koma ya sake faɗi, ya yi dariya a kan wani mai gari da ya ce a haƙa masa a kan tudu. Duk inda na san na yanke, sai na ji kunya ta kama ni, amma a hankali na fara sakin jiki. Har muka kai inda na ji muryata tana cewa, "Kawu, yi haƙuri, bari in amsa waya." Takuna ya yi nisa. Shiru.

Sai a lokacin na tuna da minti shidan nan. Na yi wa Mushe alama ya shirya cike gurbin da magana. Ya kai hannu kan maɓallin rage sauti. Kafin ya ja, sai muka ji Kawu, ƙasa-ƙasa, ba da muryar hira ba.

"Ya hita?"

Matarsa ta amsa daga nesa, "Ya hita."

"Idanun uwarshi gare shi." Ya yi tari. "Ke, matso. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da babanmu ya rasu, hatsi ya ƙare muna tun kahin bazara. Ni ina haƙar rijiyar bakin gari, tun sahe ina ƙasa har la'asar. Uwar yaron ga, ita ke kawo mini hura, ta ɗaura ƙwarya ga igiya ta sako. Sannan ba ta wuce shekara goma ba. In na ɗaga kai na ce, ke kin sha? Sai ta ce ta sha gida. Ƙarya ce. Ni na san abin da ke gidan. Rabonta take haɗawa da nawa."

Mushe ya juyo ya dube ni, hannunsa yana kan maɓallin. Tambayata yake yi da ido. Wannan ba hira ba ce, maganar miji da mata ce, kuma duk ƙasarmu ta Kurfai tana ji. Na kasa ɗaga kai, na kasa girgiza shi. Ban taɓa jin maganar nan ba. A kwamfutata ta kwana wata da watanni, da hannuna na zaɓe ta na jefar.

"Kuma ina sane nake shanyewa," in ji Kawu, "don in ban sha ba, ba ni iya ɗaga diga. Wata biyu haka. Har yau ban ce mata na sani ba. In na gan ta sai bakina ya yi nauyi."

"To ka gaya mata mana."

"Sai ta zo da salla."

Mushe ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Kawu bai kai sallar ba.

Can sai ga takuna yana dawowa, ga muryata wasai, ba abin da ya dame ni: "To Kawu, ina muka tsaya?" Ban taɓa jin haushin muryata irin na ran nan ba.

Ana gama shirin na fita bakin ƙofa, waya ta shigo. Mahaifiyata. Babu daka a bayanta yanzu, sai sheshsheƙar mata.

"Kai ka san da wagga magana?"

"Wallahi Inna, yau na ji ta, tare da ke."

Sai ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ashe ya sani." Ta kashe.

Washegari na tafi Tabla da fargaba, na durƙusa gaban matar Kawu na ba ta haƙuri, don na saki maganar ɗakinta a rediyo ba da izininta ba. Ta ce in tashi. Wai kwana arba'in tana ɗauke da maganar, kullum ta ga mahaifiyata sai ta rasa ta inda za ta fara. "Gara da ya faɗa da bakinshi," in ji ta. Mahaifiyata kuwa ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Abu ɗaya ta nema, in sa mata hirar a wayarta. Ta ce, "Duka, yadda take. Kar ka taɓa mata komi."

Gyaran kwamfuta ya ci kwana huɗu. Ashe apt yana rubuta duk abin da ya yi a wani kundi nasa. Na buɗe kundin na ɗauki hoton jerin, allo bayan allo, na aika wa Madam. Ta tattaro fakitocin a kile ta ba wani direban motar Yamai ya kawo. A kwanakin nan duk shirye-shiryenmu da baki aka yi su, ba kiɗa ko na tsakani. Mai shirin gaishe-gaishe ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata.

Na sha zama in yi tunanin abin. A mako ɗaya sau biyu na cire abin da ban duba ba, na biyun ne ya tone na farkon. Babu wata dabarata a ciki. Abin da ke tayar mini da tsigar jiki har yanzu shi ne, da wuri ya isa a kwamfutar da safen nan, da na fitar da shirina tsaf, kowa ya yaba, sannan in goge ɗanyar hirar don samun wuri kamar yadda na saba. Da mahaifiyata za ta ƙare rayuwarta tana zaton yayanta bai taɓa lura ba, ni kuma ina yawo da sunan Injiniya ban san abin da na binne ba.

Tun daga ranar ba na cire fakiti, komai ƙanƙantarsa, sai na tambayi su wa ke dogara da shi a cikin kwamfutar. Madam ta kuma koya mini yadda ake sa apt ya yi gwaji, ya nuna abin da zai tafi ba tare da ya cire komai ba. In jeri ya fito, da yatsa nake bin sa layi-layi ina karantawa a bayyane kamar ɗan aji ɗaya. Abokan aiki suna dariya, ina barinsu.

Tsoron dai bai sake ni ba. Bara muka ɗauki sabon ma'aikaci, magidanci mai natsuwa, ya ma fi ni karatu. Ran nan na shigo situdiyo ana tsakiyar shiri, na hango allonsa cike da sunaye, ga tambayar nan a ƙasa, ga yatsansa yana sauka. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Kar ka latsa!" Ashe makirfo a buɗe yake. Shi kuwa bawan Allah sabunta manhajoji kawai yake yi, kuma ya riga ya karanta jerinsa tsaf.

Ranar kasuwa ina tsaye wurin wani tsohon mahauci, yana yanka yana satar kallona. Da ya miƙo mini naman sai ya rage murya.

"Injiniya, tun shekaranjiya abin ke damuna. Ya latsa ko bai latsa ba?"

Na ce, "Bai latsa ba, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai tambaye ni ko mene ne ba.